Sai An Mutu Ake Jin Sunan Ƙauye

Duk mai kunna rediyo da safe ya san ƙofofin da sunan ƙauye ke bi kafin ya shiga bakin mai karanta labarai. Ko dai 'yan bindiga sun afka masa cikin dare, ko kwalekwale ya kife da 'yan cin kasuwa, ko ambaliya ta shafe gonaki, ko kuwa amai da gudawa ya kwantar da rabin gari. In ba ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai in gwamna ne ya je buɗe wani aiki, a ambaci sunan garin sau ɗaya, wani lokacin ma a faɗe shi a karkace, a wuce. Tsakanin wannan rana da waccan kuwa, ƙauyen yana nan yana fama da abin da ya saba: famfon tuƙa-tuƙa ya lalace tun kafin azumi, malamin aji huɗu bai leƙo ba tun da aka dawo hutu, ɗakin shan magani a garƙame daga azahar, kwalbatin hanyar kasuwa ya rufta har masu motar haya sun ƙara kuɗin buhu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai kai a kira shi labari ba a ma'aunin gidajen watsa labaranmu, alhali su ne ke raba mutumin karkara da lafiyarsa da kuɗinsa da karatun 'ya'yansa.

Abin da nake son kafawa shi ne, wannan shirun yana cikin manyan dalilan da ke kashe ayyukan hukuma a karkara. An saba ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗi da sata, kuma duka biyun gaskiya ne. Sai dai ɓarawo ma yana zaɓen inda zai yi sata, mai rabon abin da bai isa ba kuma yana zaɓen wanda zai hana. Shugaban ƙaramar hukumar da ke da buƙatu ɗari a gabansa da kuɗin biyan goma ba ƙuri'a yake jefawa ba, yana duba wanda kukansa zai kai kunnen da yake shakka. In magudanar ruwa ta toshe a unguwar da ke da 'yan boko da lauyoyi da masu lambar wayar 'yan jarida, kafin mako ya zagayo an yi maganar a rediyo. In rijiyar burtsatse ta tsaya a ƙauyen da ke nesa da kwalta, babu mai tambayarsa, bana ko baɗi. Shi ma ya san haka, ɗan kwangila ya sani, malamin da ke karɓar albashin ƙauye yana zaune a birni shi ma ya sani.

Ba kuwa hanyar isar da magana tsakanin hukuma da ƙauye aka rasa ba. Akwai ta, tsohuwa ce, kuma tana aiki. Daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sannan sanƙira ya zaga da shela ko liman ya faɗa bayan sallar Juma'a. Da ita aka tara haraji da jangali a zamanin En'e, da ita ake kiran mutane rajistar zaɓe da ƙidaya. Babbar shaidar ƙarfinta ita ce yaƙi da cutar shan inna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano, sai a 2004 aka ci gaba, cutar kuwa ta riga ta tsallaka ƙasashen da suka rabu da ita. Da aka koma kan sarakuna, musamman bayan kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafawa a 2009, sai ga masu ɗigon rigakafi suna bi gida-gida da mai unguwa a gaba, suna riƙe da lissafin kowane yaro, har rugar da ba ta cikin taswira. A watan Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Wato in hukuma na son maganarta ta isa bukkar ƙarshe, tana isa. To me ya sa hanyar da ta iya kai ɗigo biyu bakin kowane yaro ta kasa dawo da labarin cewa rijiyar da yaron ke sha ta lalace?

Dalili shi ne an gina hanyar don gangarowa, ba a yi mata matakalar hawa ba. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 masu sarauta ba su da ikon zartarwa, albashinsu da rawaninsu kuma na hannun waɗanda za su kai wa ƙara. A ƙasar da gwamna ke tuɓe sarki mai daraja ta ɗaya, dagacin da ya cika kai kuka sai a ce ɗan adawa ne, shi ya sa mafi yawansu suka koyi yin shiru. Kansila, wanda a takarda shi ne bakin mazaɓa, ya fito ne daga zaɓen da hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa, inda aka saba jam'iyyar gwamna ta lashe kusan kowace kujera. Bashinsa na kan wanda ya ba shi takara, ba kan matan da ke layin ruwa ba. Ciyaman kuwa, ba sirri ba ne cewa da yawansu a babban birnin jiha suke kwana, sakatariya sai ƙarshen wata.

Babu inda wannan ya fito fili kamar abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, tsadar zinare ta sa mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adinai suna dakawa suna niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa. Yara suka riƙa jijjiga suna suma suna mutuwa, ana binne su ɗaya bayan ɗaya. Duniya ba ta ji ba sai a watan Maris na shekarar, da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda sa ido kan cutar sanƙarau ya kai su yankin, suka ci karo da yawan mace-macen. Binciken da aka yi daga baya a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka mutu ta kai aƙalla 400. Da a wata unguwa ta Kano ko Kaduna ne yara goma suka mutu da alama iri ɗaya cikin wata guda, da ba a kai ga na ashirin ba sai ƙasa ta ɗauka.

Abin da ya biyo baya ma ya fi koyarwa. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta tsaya jiran kuɗi. Likitoci ba su da halin fara bai wa yaranta maganin fitar da dalma sai an share garin, domin a yi wa yaro magani ya koma wasa a ƙasar da ta sa masa ciwon aikin banza ne. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, watanni suka yi ta wucewa kuɗin bai fito ba. Abin da ya motsa shi surutu ne: na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, da na MSF, da na wasu matasan Nijeriya da Hamzat Lawal ke cikinsu, waɗanda suka je garin suka ɗauko hotuna da muryoyin mutane suka watsa a Twitter da Facebook da sunan ceto Bagega. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka kama aiki. Dalmar da ke ƙasar Bagega a Janairun 2013 ita ce dai ta Mayun 2012, yaran su ne yaran, baitulmalin ma shi ne. Abin da ya sauya kawai shi ne an sami masu faɗa, an sami masu ji.

Sai dai Bagega ta sami wannan gata ne saboda masifarta ta kai girman da za ta ja hankalin duniya. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, wanda ya ci kyautar Nobel a 1998, ya yi suna da hujjar cewa gagarumar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yancin jarida, domin gwamnati ba ta iya jure kunyar gawarwaki a shafin farko. Amma shi da kansa ya lura cewa wannan kariyar ba ta hana yunwar yau da kullum, irin wadda ke tsumburar da yara a hankali, saboda ba ta da ranar da za a ce yau ta faru. Ciwon ƙauyukanmu ke nan. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. An ba da labarin mace-macen. Amma kwalara ba daga sama take faɗowa ba. Kafin ta zo akwai watannin da mata suka koma ɗiban ruwa a kududdufi, saboda famfo ya mutu a kan wata 'yar roba ko bututun da kuɗinsa bai kai na ragon suna ba. A waɗannan watannin ne labari zai yi amfani, a cikinsu ne kuma babu mai bayar da shi.

Yanzu maganar ta ƙara nauyi saboda batun kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora musu kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da ƙananan hanyoyi, ya sa hannunsu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da shi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a gurbin zaɓaɓɓu. An yi murna, duk da cewa aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Amma a ɗauka gobe an aiwatar da hukuncin ɗari bisa ɗari. Kuɗin zai bar hannun gwamna, wanda ko ba komai akwai 'yan jarida a ƙofarsa da 'yan adawa masu jiran ya yi tuntuɓe, ya faɗa hannun ciyaman da babu wakilin jarida ko ɗaya a sakatariyarsa. Jihar Kano kaɗai na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, Katsina na da 34, Jigawa 27. Wane gidan rediyo ne ke da mai aiko masa rahoto a kai a kai daga ko da rabinsu? In aka bai wa ƙananan hukumomi 'yanci babu idon jama'a a kansu, an sauya wa ɓarna mazauni ne kawai.

Alƙaluman kuwa suna nan. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, aka fara buga kason jihohi da ƙananan hukumomi a jaridu, har yau kuma ana sa shi a intanet duk wata. Amma da Turanci, cikin jadawali mai ƙananan lambobi, a inda manomi ba zai taɓa gani ba. Yuganda ta gwada abin da ya fi haka. Bincike ya gano cewa daga 1991 zuwa 1995 kashi 13 cikin ɗari ne kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa makarantun firamare ke isa gare su, sauran na maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umarci makarantu su manna abin da suka karɓa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Akwai masu cewa wasu gyare-gyaren da aka yi a lokacin ma sun taimaka, kuma da gaskiyarsu. Amma masu binciken, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun nuna cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su ne suka fi samun ƙarin kasonsu. Hedimastan da ya san nawa aka turo masa ba ya karɓar ɗaya cikin goma ya yi godiya.

To ina kafofinmu na Hausa? Ba ƙaramin aiki suke yi ba. Sashen Hausa na BBC tun 1957, Rediyon Kaduna tun 1962, da tashoshi masu zaman kansu irin Freedom Radio da ta faro a Kano a 2003, sun sa Bahaushe cikin mutanen da suka fi kowa sanin halin da duniya ke ciki; makiyayi da rediyonsa a rataye zai ba ka labarin Gaza da Yukiren. Shirye-shirye irin Inda Ranka sun nuna cewa in aka faɗi matsala kowa ya ji, jami'i kan tashi tsaye. Amma abincin aikin ya ɗaure su a birni. Talla a birni take, masu sayen filin siyasa da sojojin bakansu a birni suke, wakilin da ba a ba shi kuɗin mota ba kuwa zai je inda ake raba takardar sanarwa da na goro ne, ba zai hau babur na awa uku don ya duba ko akwai ungozoma a asibitin sha-ka-tafi ba. Shi ya sa mutumin ƙauye ya fi sanin abin da majalisar Amurka ta yanke a kan abin da majalisar kansilolinsa ta yanke, in ma ta zauna. Abin takaici, mun taɓa kama hanya. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, ban da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke fitowa tun 1939, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Albishir ta Barno. Jaridun hukuma ne, ba wanda ya sa ran su tona asirin En'e, amma tunanin da ya haife su daidai ne, cewa wanda ya koyi karatu a ajin manya zai fi son ya fara da labarin lardinsa. A hankali duk suka mutu, ba a maye gurbinsu ba.

Maƙwabciyarmu Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta bi wata hanyar. A 1999 aka kafa rediyon al'umma na farko a Bankilare da ke yammacin ƙasar, mai aiki da hasken rana, daga nan suka yaɗu har suka haura ɗari, da yawansu a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ƙananan tashoshi ne, mai gabatar da shiri ɗan garin ne, abin da ake faɗa kuwa farashin gero a kasuwar mako ne, da ranar awon ciki, da cigiyar dabba, da sulhun manoma da makiyaya, wani lokacin da magajin gari a zaune yana amsa tambayoyin masu kira. Ba su rasa nasu matsalolin ba: da yawansu na fama da lalacewar na'ura da rashin albashi, kuma tun juyin mulkin 2023 filin faɗin albarkacin baki ya ƙuntata a ƙasar, har aka dakatar da RFI da BBC. Duk da haka, a Nijeriya, inda tsarin mulki ya ɗora amincewa da lasisin rediyo a hannun shugaban ƙasa, sai a 2015 aka ba da lasisin rediyon al'umma karon farko, guda 17 ga ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Harshe ɗaya, al'ada ɗaya, iyaka ce kawai ta raba Maraɗi da Katsina. Bambancin na doka ne da niyya.

Wani zai ce mai jin ƙishi rijiya yake so, ba labarin rijiya ba, don haka a kashe kuɗin a kan famfo. Ai ƙauyukanmu cike suke da famfunan da aka kashe kuɗi a kansu. Duk wanda ya bi hanyar karkara ya ga tankin da babu ruwa da allon kwangilarsa ya yi tsatsa, da ajin da iska ta yaye wa rufi, da asibitin da aka shafa wa fenti aka buɗe aka kulle. Gini ba ya wahala, ɗan siyasa na son gini domin ana ɗaukar hotonsa a gabansa. Riƙon ne ke wahala, shi kuwa ba ya yiwuwa sai da wanda zai ce abu ya lalace da wanda zai ji kunya in aka faɗa. Masu bin diddigin ayyukan mazaɓu, irin shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT, sun sha tarar da al'ummar da ba ta ma san an rubuta mata aiki a kasafin kuɗi ba. Wanda bai san an ba shi ba, ba ya tambayar ina nasa.

Wani kuma zai ce wayar hannu ta riga ta kashe wannan maganar, tunda kowane saurayi a ƙauye na iya ɗaukar hoto ya watsa. Ta kawo sauyi, ba musu. Hoton ɗalibai zaune a ƙasa ya sha sa an kai wa makaranta benci. Amma abin da waya ke yaɗawa shi ne mai tayar da hankali, wato cutar rediyo ce ta kama ta. Ba ta komawa bayan wata uku ta duba ko an cika alƙawari. Mata da tsofaffi, waɗanda suka fi kowa sanin halin asibiti da rijiya, su ne kuma ba su riƙe da babbar waya. Saƙon murya na WhatsApp ba shi da uba, ba a san wanda ya faro shi ba balle a tuhume shi in ƙarya ce. Kuma a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako, an ga yadda dare ɗaya ƙauye zai iya yankewa daga duniya in waya ce kaɗai bakinsa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsoro, kuma ba ta wasa ba ce. Rediyo a hannun ƙaramin gari na iya zama makami. Ba a manta rawar da tashar RTLM ta taka a kisan kiyashin Ruwanda na 1994 ba, a yankunan da manoma da makiyaya ke zaman doya da manja kuma, ko 'yan bindiga ke da infoma a kowane lungu, kalma ɗaya na iya jawo zubar da jini. Sai dai RTLM ba rediyon ƙauye ba ce, ta masu kusanci da mulki ce a Kigali. Jita-jita kuma ba ta jiran lasisi, tana yawo yanzu haka daga waya zuwa waya. Abin da babu shi ne muryar da aka san mai ita, da ake ajiye abin da ta faɗa, da za a iya kai ta ƙara. Babu mai cewa a sanar da motsin jami'an tsaro ko wanda ya sayar da shanu jiya. Adadin malaman da suka zo aiki ranar Litinin ba shi da amfani ga ɗan bindiga. Haɗarin da ya fi kusa shi ne ciyaman ko ɗan majalisa ya saye tashar ta koma gidan kirari. Maganin wannan yana cikin sharuɗɗan lasisi: mallakar ta zama ta al'umma, da mata da Fulani da sauran mazauna a kwamitin gudanarwa, kada kuma man janaretarta ya fito daga aljihun wanda za ta sa wa ido.

Saura maganar rashin karatu da kunya. Rashin karatu ba hujja ba ne. A jihar Rajastan ta Indiya, a shekarun 1990, ƙungiyar manoma da leburori ta MKSS ta riƙa tara mutane a fili ana karanta musu takardun biyan kuɗin ayyukan ƙauye da babbar murya, sai ga sunayen matattu cikin waɗanda aka ce sun karɓi lada. Wannan gwagwarmayar na cikin abin da ya haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005. Mu ma muna da irinta tun 2011, wadda ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa, amma galibi 'yan birni ne ke amfani da ita. Kunya ta fi wuya. A ƙauye kowa ɗan'uwan kowa ne, malamin da ba ya zuwa aji surukin dagaci ne, wanda ya buɗe baki kuma sai a ce tonon silili yake yi. Shi ya sa bai kamata abin ya rataya a kan jarumtar mutum ɗaya ba. In ya zama doka cewa duk wata ana karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a kowace mazaɓa, a kan kowa, to ba wanda zai ce da shi ake. Masu karantawar ma akwai su a takarda: kwamitin ci gaban mazaɓa, kwamitin kula da makaranta, kwamitin ruwa. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun da ke tura kuɗi kai tsaye ga ƙananan asibitocin da aka zaɓa. Mutum nawa ne a garin da asibitin yake suka san nawa ya shigo?

Abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Majalisun jihohi su wajabta wa kowane ciyaman ya manna kason wata da jerin ayyuka, da Hausar boko da ajami, a sakatariya da kowace mazaɓa, a kuma karanta da lasifika ranar kasuwa. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC ta sauƙaƙa lasisin rediyon al'umma har ƙungiyar manoma ko ta ci gaban gari ta iya nema ba sai da ubangida a Abuja ba. Gidajen rediyon da muke da su kuwa ba sa buƙatar izinin kowa kafin su ware rabin awa a mako ga ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, su ɗauki malamin makaranta ko ma'aikaciyar lafiya mai ritaya a matsayin mai aiko rahoto, su kuma koma bayan wata uku su tambayi ina aka kwana.

Kai kuma mai karatu da ke birni, mai waya da data, wanda cibiyarsa ke binne a wani ƙauye: kason ƙaramar hukumarku na watan jiya yana intanet. Ka nemo shi, ka juya shi da Hausa, ka aika wa ƙungiyar ci gaban garinku a karanta wa mutane ranar Juma'a mai zuwa.